Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Tsintuwa a Wasannin Ratsa Kogo

Tambayar ta fito ne daga wani mai sauraro a Diko, kusa da Suleja a Jihar Neja, wanda ke son sanin amfanin kayan da ake tsinta a wasannin kwamfuta na ratsa kogo, wato waɗanda jarumi ke sauka hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa yana yaƙar dodanni.

Wasu daga cikin kayan nan, kamar abinci da kwalaben magani da takardun tsafi, sau ɗaya ake amfani da su su ƙare, don haka gwanintar ɗan wasa tana ga sanin lokacin da ya dace ya taɓa su. A wasan Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙira a Amurka a 1980, yunwa na kashe jarumin da abincinsa ya ƙare, kuma ma'anar launin kowace kwalba tana sauyawa duk lokacin da aka fara sabon wasa, ta yadda launin da ya warkar jiya zai iya makantarwa yau. Wasan Diablo ya sauƙaƙa lamarin, inda jar kwalba ke maido da lafiya, shuɗiya kuma ƙarfin tsafi, sai dai sauƙin ya rage wa kwalaben armashin kasada.