Kula da Wanda Aka Azabtar

Wataƙila a gidanku ko a ikilisiyarku akwai wanda ya kuɓuto daga hannun 'yan bindiga ko ya fito daga kurkuku. An doke shi, an ɗaure shi, ko an ƙona shi. Raunin ya warke, amma mutumin bai koma yadda yake a dā ba.

Abin da za ka lura da shi

Ba ya samun barci, yana mugun mafarki. Ƙarar babur tana firgita shi. Yana fushi da sauri, ko ya ƙi shiga mutane. Wanda aka doka a tafin ƙafa yakan ji zafin tafiya shekara da shekaru. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Ciwo ne, kuma ana jinyarsa.

Ka kawo shi asibiti nan da nan

• idan fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi bayan dūka, domin ƙoda na cikin haɗari;
• idan an yi fyaɗe, ga mace ko namiji: maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72;
• idan yana zancen kashe kansa. Kada a bar shi shi kaɗai.

A gida

Kada ka matsa masa ya ba da labari. In ya fara, ka saurara, ka riƙe sirrinsa. Kada ka saya masa tiramol a kasuwa. Ku ci abinci tare, ku yi addu'a tare, ya koma gona kaɗan-kaɗan. Kunyar ta mai azabtarwa ce, ba tasa ba.