Burina na Zama Matuƙin Jirgin Sama

Hanyar zama matuƙin jirgin sama daga ajinmu take farawa, domin sai da lissafi, kimiyya da Turanci ake shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Karatun yana cin kuɗi ƙwarai. Wanda ya gama, mataimakin matuƙi zai fara zama. Sai ya tara awa 1,500 yana tuƙi kafin ya sami babban lasin, hanyar zama kyaftin.

Ni dai burina in daɗe a kamfanin cikin gida. Gajeren zango, kamar Kano zuwa Abuja, ana yawan tashi da sauka, ga hazon hunturu. A nan hannu yake faɗawa. 'Yan'uwana ɗalibai, sannu ba ta hana zuwa.