Kiwon Ƙananan Hamsta da Aka Ceto: Halayensu, Zamansu Tare da Lafiyarsu

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Gafiya tsira da na bakinki." Duk wanda ya san gafiya ya san asalin wannan magana, domin tana da jaka a cikin kumatunta inda take cusa abinci ta kai rami. To, a nahiyar Asiya da wani yanki na Turai akwai wata 'yar dabba dangin ɓera mai irin wannan jaka, wadda Turawa suka mayar abin kiwo a cikin ɗaki don sha'awa kawai. Sunanta hamsta. Da yake dabbar ba ta ƙasar Hausa ba ce, ba mu da suna namu na gargajiya, shi ya sa aka aro wannan aka daidaita shi da bakin Bahaushe.

Wannan maƙala za ta duba wani rukuni na wannan dabba, wato ƙananan hamsta, musamman waɗanda masu su suka gaji da su, har suka faɗa hannun gidajen ceton dabbobi a ƙasashe irin su Birtaniya da Jamus da Amurka. Abin da ake son mai karatu ya fahimta shi ne, tausayi kaɗai ba ya isar mai ceto. Sau da yawa abin da mutum yake gani jinƙai ne, kamar haɗa dabbar da 'yar uwarta don kada ta yi kaɗaici, shi ne ke zama ajalinta.

2.0 Ire-iren Ƙananan Hamsta

Idan aka ce "ƙananan" a nan, ba shekaru ake nufi ba, iri ake nufi. Babban hamsta shi ne na Siriya, wanda aka kamo kakanninsa kusa da birnin Halab a shekarar 1930. Su kuwa ƙananan, iri uku ne da masana suka tara a rukunin da suka kira Phodopus:

Na farko shi ne ɗan Kambel. An sa masa sunan wani Bature ne, Charles William Campbell, wanda ya samo shi a Mongoliya a shekarar 1902, sannan masani Oldfield Thomas ya bayyana shi a 1905. Tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba.

Na biyu shi ne farin-hunturu, wanda Peter Simon Pallas ya fara bayyanawa a 1773. Ana samunsa a Kazakistan da kudu maso yammacin Saberiya. Idan yini ya gajarce a lokacin sanyi, gashinsa kan rikiɗe ya zama fari don ya saje da ƙanƙara. A cikin ɗaki mai hasken lantarki kuwa, da wuya ya rikiɗe.

Na uku shi ne ɗan Roborobski, ɗan hamadar Gobi da kewayenta, wanda aka bayyana a 1903. Shi ne autansu wajen jiki, domin tsawonsa kamar santimita 5 ne, nauyinsa kuma giram 20 zuwa 25.

Akwai kuma hamstan Sin, wanda 'yan kasuwa kan lissafa cikin ƙananan, alhali ba ɗan rukuninsu ba ne. Ana gane shi da siririn jiki da ɗan dogon wutsiya. Bugu da ƙari, ɗan Kambel da farin-hunturu suna iya haihuwa da juna, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a shaguna ruwa-biyu ne. Sanin irin da ke hannu shi ne matakin farko ga mai ceto, domin a kansa hali da wurin zama da abinci suka dogara.

3.0 Dalilan da Ke Kai Su Gidan Ceto

Hamsta yana da araha, ga shi ɗan mitsitsi, don haka iyaye kan saya wa yara. Sai dai dabba ce ta dare. Lokacin da yaro yake son wasa, ita tana barci, lokacin da yaro ya kwanta, ita ta tashi tana ƙara da wilin gudu. Ba a daɗewa sai sha'awa ta gushe.

Babban dalili na biyu shi ne kuskure wajen tantance namiji da mace. Mutum ya sayi biyu da zaton 'yan uwa mata ne, ashe ɗaya namiji ne. Cikin 'yar Kambel kwana 18 zuwa 20 ne kacal, takan haifi huɗu zuwa shida, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. 'Ya'yan kan balaga suna da kimanin mako biyar. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: haihuwa huɗu a wata uku, kowace da 'ya'ya biyar, biyu sun zama 22, ba a ma sa jikoki ba. Ta haka ne akan kai wa gidan ceto keji guda cike da uwa da uba da 'ya'ya, wasu da ciki, wasu da raunin cizo.

A Ingila da Wales, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin biyan buƙatu biyar: muhalli mai dacewa, abinci mai dacewa, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama tare da wasu ko kuwa a ware gwargwadon buƙatarta, da kariya daga ciwo da wahala. A lura da buƙata ta huɗu. Dokar ba ta ce kowace dabba sai da abokin zama ba, cewa ta yi tare ko a ware.

4.0 Halayensu

Ɗan Kambel yana da kuzari da ƙarfin hali, amma yana da kishin wurinsa. Yakan ciji hannun da aka zura masa cikin keji, alhali idan an fito da shi waje sai ya zauna lafiya a kan wannan hannun. Farin-hunturu ya fi shi sanyin hali, kuma ya fi saurin sabo. Ɗan Roborobski ba ya cika cizo, sai dai matsoraci ne ga gudu kamar walƙiya, saboda haka dabbar kallo ce, ba ta ɗauka a hannu ba. Hamstan Sin mai kunya ne, amma in ya saba yakan maƙale a yatsa ya yi shiru.

Wanda aka ceto kuwa, ban da halin irinsa, yana zuwa da tabon abin da ya gani. Mai yiwuwa an saba tashinsa daga barci, ko an matse shi, ko 'yan uwansa sun sha korarsa daga abinci. Cizon irin wannan ba mugunta ba ce, tsoro ne. Idonsa ba ya gani sosai, da hanci da kunne yake gane duniya, kuma a daji daga sama mujiya da shaho ke sauko masa. Don haka hannun da ya zo daga sama, a wurinsa maƙiyi ne.

Masu ceto kan bi waɗannan matakai wajen sabar da shi. A bar shi kwanaki ba tare da taɓawa ba har ya san sabon wuri. A riƙa yi masa magana a hankali da maraice in ya farka. A wanke hannu kafin a kusance shi, don kada ya ji ƙanshin abinci ya ɗauka yatsa abin ci ne. A ɗora ƙwaya a tafin hannu a bar shi ya hau da kansa. In ya zama dole a ɗauke shi, a sa kofi ya shiga, kuma a riƙe shi kusa da ƙasa, domin faɗowa daga tsayin tebur kan karya shi. Wani a mako biyu ya saba, wani kuwa har ya mutu ba zai yarda da hannu ba. Wannan ma ba laifi ba ne, haƙƙin mai kiwo shi ne ya kula da shi a yadda yake.

5.0 Zama Tare ko Zama Shi Kaɗai

Nan ne gizo ke saƙa. Game da na Siriya babu jayayya: shi kaɗai yake zama, in an haɗa biyu sai faɗa, wani lokaci har kisa. Hamstan Sin ma zaman kaɗaici ya fi masa. Amma game da sauran ukun, an daɗe ana gaya wa masu saye cewa suna son jama'a. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Binciken da Katherine Wynne-Edwards da abokiyar aikinta suka yi a Kanada, aka wallafa a shekarar 2000, ya nuna namijin Kambel yana taimaka wa macen wajen haihuwa, yana jawo jariri, yana share shi. Sai dai wannan zaman miji da mata ne don renon 'ya'ya, kuma a daji wanda aka kora yana da filin gudu. A cikin keji babu inda zai je.

Saboda haka da yawa daga masu ceto a yau sun fi son a ajiye kowane shi kaɗai. In kuwa an karɓi biyu da suka taso tare kuma suna zaman lafiya, ana iya barinsu bisa sharuɗɗa. Su kasance iri ɗaya, jinsi ɗaya, kuma tun suna ƙanana suke tare. A tanadi komai biyu-biyu: wili biyu, kwalbar ruwa biyu, maɓoya biyu ko fiye, kowace da ƙofa biyu don kada ɗaya ya tare wa ɗan uwansa hanya. A watsa abinci a kan shimfiɗa maimakon a zuba a kwano ɗaya. A guji keji mai hawa-hawa da bututu, domin mai ƙarfi kan mallake wani sashe. Sannan a ajiye keji na biyu a shirye tun daga ranar farko.

Alamomin ɓacin zama su ne yawan kora da tsuwa, ɗaya ya riƙa kwana a gefe shi kaɗai, ko ya fara rama, ko a ga tabo a gindinsa da cikinsa. Da zarar an ga jini, a raba su nan take, kuma rabuwar ta har abada ce. Kada a sake haɗa su don an ga kamar suna neman juna, kada kuma a kawo wa wanda abokinsa ya mutu wani baƙo don ya ɗebe masa kewa. Kewar a zuciyar mai kiwo take.

Idan uwa da 'ya'ya aka karɓa, a fitar da uban kafin ta sake haihuwa, a bar sheƙar ba taɓawa har mako biyu, sannan a raba maza da mata suna da mako huɗu. Ana gane namiji da tazarar da ke tsakanin mafitsara da dubura, ta fi ta mace faɗi.

Dangane da kejin kansa, ƙungiyoyin kula da dabbobi a Jamus da Birtaniya suna ba da shawarar faɗin ƙasa na aƙalla santimita 100 da 50, da shimfiɗa mai zurfin da zai iya haƙa rami a ciki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bern ta Suwizalan a 2006 kan hamstan Siriya ya gwada zurfin santimita 10 da 40 da 80, aka ga masu ƙaramar shimfiɗa ne suka fi gurgurar ƙarfen keji. Wili ya kasance mai faɗin santimita 20 ko fiye, marar ramuka, don kada baya ya tanƙware ko ƙafa ta maƙale. A sa masa kwanon yashi mai laushi don wanka, domin ba a yi masa wanka da ruwa.

6.0 Lafiyarsu

Sabon zuwa, a killace shi nesa da sauran na 'yan makonni, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi. Da yake abin farauta ne a daji, hamsta yana ɓoye ciwo har sai ya yi tsanani. Hanya mafi sauƙi ta gano matsala da wuri ita ce auna shi kowane mako a ma'aunin kicin, a rubuta. Dabbar da ba ta wuce giram 40 ba, in ta rasa giram 4, ta rasa kashi ɗaya cikin goma na jikinta ke nan.

Ciwon sukari ya fi kama ɗan Kambel da ruwa-biyu da hamstan Sin. Alamominsa su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari da rama. Don haka a guji ba su zuma da 'ya'yan itace masu zaƙi, a tsaya kan haɗin ƙananan ƙwayoyi irin su gero, da ɗan ganye, da busasshiyar tsutsa jefi-jefi.

Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye. In ɗaya ya karye ko ya kauce, sai na kishiyarsa ya yi tsawon da zai hana shi ci. A ba shi abin gurgura, a riƙa dubawa. Jakar kumatu kuma takan toshe da abinci mai danƙo, ko da auduga mai zare da ake sayarwa don sheƙa, wadda har ila yau kan naɗe ƙafa ko ta toshe hanji. Farar takarda mai laushi ta fi aminci. Zubewar gashi da susa na iya zama alamar ƙwarin fata, tsofaffi kuma kan fito da ƙari. Amma ɗan tabon da ke tsakiyar ciki, musamman ga namiji, ba rauni ba ne, wurin da yake fitar da warin da yake shata iyakarsa ne.

Kada a kuskura a ba shi ragowar maganin mutane. Fenisilin da danginsa kan kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, ya mutu da zawo. Yanayin da ya fi masa daɗi shi ne digiri 18 zuwa 24. Tsananin sanyi kan sa ya sandare kamar ya mutu alhali yana da rai, zafi kuwa kan kashe shi da sauri, abin da ya kamata duk mai sha'awar kiwonsa a ƙasa mai zafi irin tamu ya yi tunani a kai tukuna. Mai kiwo kuma ya wanke hannu bayan share keji, domin dangin ɓera kan ɗauki cututtukan da ke kama mutum.

7.0 Kammalawa

Ɗan Kambel da farin-hunturu kan rayu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ɗan Roborobski kuma kan kai uku. Ɗan Kambel ko farin-hunturu da aka ceto yana da shekara guda, ya riga ya cinye rabin kwanansa ko fiye a hannun wani. Abin da ya rage masa 'yan watanni ne, kuma yadda za su kasance ya rataya ne kan abu uku da aka bayyana a sama: a san irinsa, a yanke shawarar zamansa bisa ɗabi'arsa, a kuma lura da jikinsa tun kafin ciwo ya bayyana. Wanda ba shi da halin keji na biyu da kuɗin likita, gara ya karɓi ɗaya ya riƙe shi da kyau, domin an ce da mugun rawa gara ƙin tashi.