Mai Gudun Da Ya Ƙi Tsere Ran Lahadi

Ya kai mai karatu, wataƙila kana zaton wanda ya bi Almasihu sai ya rabu da wasa da tsere, ya zauna shiru kamar mai makoki. Ba haka ba ne. Ka kasa kunne ga labarin Eric Liddell, mutumin Sikotilan.

An haife shi a Tiyanjin ta ƙasar Sin a 1902, gama iyayensa masu wa'azin bishara ne a can. Sa'ad da yake karatu a jami'ar Edinbara, ya yi wa ƙasarsa wasan ƙwallon zari-ruga sau 7, a gudun mita 100 kuwa da wuya a sami mai shan gabansa a dukan Biritaniya. Aka zaɓe shi domin wasannin Olimfik na birnin Faris a 1924. Tun watanni kafin a tafi, ya ji za a yi tseren share fage na mita 100 ran Lahadi. Ya ce ba za ya yi ba, gama ranar ta Ubangiji ce.

Ka duba nauyin wannan abu. A wannan tsere ne mutanen ƙasarsa suka sa rai gare shi, waɗansu kuwa suka zarge shi, suna cewa ya kunyata ƙasa. Bai yi musu da su ba, sai ya koma horon kansa a mita 400, inda ba a zaci za ya yi wani abin kirki ba. Ran 11 ga Yuli ya ci wannan tsere cikin daƙiƙa 47.6, ya karɓi lambar zinariya. Amma kada ka ce ya ƙi gudu domin ya san za a sāka masa. Ranar da ya ƙi, bai san kome ba, sai hasarar da ke gabansa.

A 1925 ya bar suna da tafi, ya koma Sin yana koyarwa. Da yaƙi ya tsananta, ya aika da matarsa da 'ya'yansa Kanada a 1941, shi kuwa ya tsaya. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien.

A nan akwai abin da ni na fi so ka lura da shi. Yana shirya wa yaran sansanin wasa, amma ban da ran Lahadi. Wata Lahadi suka yi wasansu ba alƙali, ya ƙare da faɗa. Daga nan shi da kansa ya fito ya yi musu alƙalanci ran Lahadi. Ya iya barin zinariya domin ranar nan, amma bai iya barin yara su doki juna dominta ba.

Ya rasu a sansanin ran 21 ga Fabrairu 1945, da ƙari a ƙwaƙwalwa, wata shida kafin a saki fursunonin. Autarsa da aka haifa a Kanada, bai taɓa ganinta ba.