Nazarin Tarihin Rayuwa: Misalin Nicholas Said na Kukawa

Mai nazarin tarihin rayuwa ba ya dogara ga majiya ɗaya, ko da kuwa mai rayuwar ne ya rubuta ta da hannunsa. Rayuwar Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Nicholas Said, za ta fito mana da wannan batu fili.

An haife shi a Kukawa ta ƙasar Barno wajejen 1836. Ɗa ne ga Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan Shehu al-Kanemi. Yana yaro Buzaye suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi cikin bauta zuwa Tarabulus. Daga nan sai Santambul, sai Rasha, inda ya sami 'yanci. Ya isa Amurka a 1860. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets, rundunar baƙaƙen fata da ke ɓangaren Arewa.

Abin lura a nan shi ne, littafin tarihin kansa da aka buga a Memfis a 1873 bai ambaci aikin sojansa ba ko kusa. Takardun rundunar ne, da maƙalar da mujallar Atlantic Monthly ta buga a 1867, suka tabbatar da shi. Mai yiwuwa dalilin shirun shi ne a Kudu yake zaune yana koyarwa, a tsakanin mutanen da ya ɗauki bindiga ya yaƙa.

Aikin ɗalibi: Bayyana yadda za ka nuna wa 'yan ajinka bambancin abin da marubuci ya manta da abin da ya ɓoye.