Kafin Ka Taɓa Injin Motar Tserenka, Leƙa Ƙafarta

Shekara da shekaru ina aikin ƙafar mota. A Ƙofar Ruwa ta Kano na fara riƙe sifana, yau kuma ina wani gareji a jihar Ohayo ta Amurka, inda rabin aikina alaimen ne da canjin shokozoba. Da zarar sanyi ya fara sassautawa, wajen watan Afrilu, sai wasu irin kwastomomi su fara shigo mini da 'yan ƙananan motoci masu kujera biyu, kowa riƙe da 'yar takardar lambobin da yake so a saita masa. 'Yan otokuros ke nan. Tun ina yi musu kallon masu neman wa kansu wahala, har na wayi gari ni ma ina sammako ranar Lahadi ina bin su. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne yaranmu da ke karatu ko aiki a nan sun fara shiga harkar, kuma kusan kowannensu da kuskure iri ɗaya yake buɗe fage, kuskure mai cin aljihu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, makeken filin ajiye motoci ake samu, ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin nan masu ruwan lemo da ake sawa a titi in ana aiki, masu kama da mazurari a kife, a fitar da hanya mai kwana-kwana da su. Mota ɗai-ɗai ke shiga, kowa da agogo yake takara. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun kuma da ƙyar yake haura kilomita 100 a awa; yawanci kana sa giya ta biyu ka bar ta har ka fito. Kowace roba an zana gindinta da alli. Ka kayar da ita ko ka fitar da ita daga zanen, a ƙara maka sakan 2. Ka kauce wa wata ƙofa ta robobin, zagayen nan ya tashi a banza. Ƙungiyar SCCA da aka kafa a 1944 ita ce uwar wannan wasa a Amurka, tana kiransa Solo. Tun 1973 take shirya gasar ƙasa, kuma daga 2009 a birnin Linkon na jihar Nebaraska ake yi, a kan kankaren filin jirgin sama, inda direbobi sama da dubu kan hallara a watan Satumba. Kada wani ya haɗa shi da wasan motar da samari ke yi a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure. Nan babu ɗan kallo a kusa, babu mai talla, kuma babu mai shiga ba hular kwano.

Wata rana ɗan wani abokina ya zo da Mazda Miata ƙirar 1999 da ya saya na hannu, but ɗinta cike da kwalaye: gajerun sifirin masu durƙusar da mota, bututun shaƙar iska na inji, da wata salansa mai ƙara kamar ta injin niƙa.

"Kawu, so nake ka ɗaura mini su kafin Lahadi."

Na ce, "To, ɗana. Wane aji za ka shiga?"

Ya yi shiru. Bai ma san akwai aji ba.

Nan ne tushen maganar. Motoci a wannan wasa an kasa su gwargwadon irinsu da kuma abin da aka canja a jikinsu, kuma akwai littafin doka da ake sabuntawa duk shekara, kyauta a intanet. Ajin farko, wanda suke kira Street, na motar da take kusan yadda ta fito daga kamfani ne. An yarda ka canja taya, shokozoba, fad ɗin birki, salansa daga bayan matatar hayaƙi, da sitabilaiza guda ɗaya tak, ta gaba ko ta baya. Rim kuwa faɗinsa sai ya zama daidai da na asali. Sifirin ba a taɓa shi. Ranar da ka ɗaura gajeren sifirin ko bututun iskar nan, ka haye zuwa Street Touring, inda za ka tarar da mutanen da suka shekara goma suna zuba wa motarsu kuɗi da lissafi. In ka ƙara turbo, ka wuce can gaba inda ba a maganar talaka. Da na ɗaura wa yaron nan kayansa, da ya biya kuɗi ne ya sayi zama na kashin baya. Na ce ya mayar da abin da zai mayu, mu duba tayoyinsa.

Tayoyin nan, da na karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi su, sun haura shekara bakwai. Zanensu na nan, ga ido sababbi ne, amma robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙiraren itace. Duk abin da mota za ta yi, juyawa ne, tsayawa ne, tashi ne, ta wuri huɗu take yinsa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Miatar 1999 ƙarfin doki 140 gare ta, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai. Bututun iska in ya yi ƙoƙari ya ƙara mata 'yan dawakai, waɗanda a hanyar da ba ta da miƙaƙƙen wuri ba za ka ma ji su ba. Taya mai kyau kuwa a kowace kwana take biyan ka, kuma kwana ce gaba ɗaya wasan. Dokar ajin Street ta ce lambar jurewar taya da ke rubuce a gefenta kada ta gaza 200. Tayar da muke hawa yau da gobe takan kai 400 zuwa sama, tana daɗewa amma ba ta kama ƙasa. Shi ya sa kamfanoni suka fito da masu lamba 200 cif waɗanda robarsu ke manne wa kwalta kamar danƙo: Bridgestone RE-71RS, Yokohama A052, Falken RT660 da ire-irensu. Suna cinyewa da wuri, kuma ba a hawa su a ƙanƙara. Duk da haka ina ba sabon shiga shawarar ya yi fitarsa biyu ko uku ta farko da tayar da ke jikin motar, in dai lafiyayya ce. Tayar da ba ta da kamu sosai tana kuka tun kafin ta saki, kukan nan kuma malami ne.

Sai iska. Wannan kyauta ce, amma ita aka fi wasa da ita. Takardar da ke jikin ƙofar Miata ta ce fam 26, kuma don tafiyar titi ne. In ka shiga kwana da ƙarfi da wannan iskar a tayar yau da gobe, tayar gaba za ta kwanta a kan gefenta, ka ga har rubutun jikinta ya goge. Dabarar tsofaffin hannu mai sauƙi ce: ka fara da iska mai ɗan yawa, wajen fam 35, ka shafa alli a kafaɗar taya wuri uku. Bayan zagaye ɗaya ka duba inda allin ya goge. In ya sauka har gefe, ƙara iska. In bai kai ƙarshen zanen taya ba, rage fam ɗaya ko biyu. Kuma ka auna bayan kowane zagaye, don taya tana zafi iska tana hawa, har ta ƙaru da fam uku ko huɗu ba ka sani ba. Geji ɗaya za ka riƙe, naka na kanka, domin geji biyu da wuya su faɗi magana ɗaya. Ranar da ake rana sosai za ka ga mutane da tankin feshin gona suna yayyafa wa tayoyinsu ruwa. Ba tsafi ba ne, robar in ta wuce zafinta santsi take yi kamar an shafa mata man shanu.

Alaimen shi ne fannina, don haka a yi mini haƙuri in ɗan daɗe. Kamfani yana saita ƙafar mota don taya ta daɗe, kuma don in direba ya firgita motar ta tafi gaba maimakon ta juya da shi. A tsere wani abu daban muke nema. Mota in ta shiga kwana jikinta na kwanciya waje, tayar wajen kuma ta bi shi, sai ya zama gefenta kawai ke taka ƙasa. Maganinsa shi ne a karkatar da saman taya ciki tun motar tana tsaye, abin da muke kira kamba, ta yadda in ta kwanta a kwana tayar za ta zauna daram da faɗinta. Abin da ya sa Miata ta zama 'yar gatan wannan wasa tun fitowarta a 1989, bayan arha da rashin nauyi, shi ne kusoshin ƙafarta gaba da baya masu juyuwa ne tun daga kamfani. Ba tare da an sayi komai ba nakan samo wajen digiri ɗaya da rabi a gaba. Motoci da yawa ba su da wannan gatan, sai dai ka ɗauki abin da ka samu. Kuma ina sa mai motar ya zauna a kujerarsa, ko in ɗora nauyi daidai da nasa, kafin in ɗaure noti. A ƙaramar mota, mutum ɗaya yana canja lambobin.

Ɗayan saitin shi ne inda hancin tayoyi ke kallo. In na gaba sun ɗan buɗe waje kaɗan, kamar kaurin tsabar kuɗi, sitiyari yakan amsa da sauri. Amma a sani, wannan buɗewar ta fi kamba cin taya nesa ba kusa ba, don haka wanda motar tserensa ita ce motar zuwa aikinsa, nakan bar masa su a miƙe. Na baya kuwa dole su ɗan kalli ciki. Da kaina na koyi wannan. Shekarata ta biyu, wayo ya ɗebe ni na buɗe tayoyin baya na tawa motar waje kaɗan, wai don ta riƙa juyawa da wuri. A rana ɗaya kuma na ƙara wa shokozoba tauri, na canja iska. Ina shiga jerin robobin da ake saƙa a tsakaninsu hagu da dama, a ta uku ƙugun motar ya wuce ni, na yi juyi biyu na tsaya ina kallon inda na fito, masu tsaron hanya na tsintar robobi. Garin neman gira na rasa ido. Abin takaicin ma ban san wanne cikin ukun ya kayar da ni ba. Tun ranar nake ajiye ɗan littafi a mota, abu ɗaya nake canjawa, in rubuta, in gwada.

Sitabilaiza, sandar ƙarfen nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ƙa'idarta ita ce ɓangaren da ka ƙara wa tauri shi ke fara sakin ƙasa. Amma a Miatar da sifirinta na asali mai laushi ne, mai kauri a gaba ake sawa, don tana hana jikin kwanciya, ta kuma danne tayar baya ta ciki kada ta yi ta juyawa a banza in ka taka totur. Shokozoba kuwa, in na motar sun gaji, Koni masu ruwan ɗorawa da ake murɗa musu tauri da hannu sun wadatar. Saitin ƙafa mai arha da ake tallatawa a intanet, na cire su a motocin mutane ba adadi. Araha ba ta ado.

Ranar wasa akwai masu duba mota kafin a ba ka lamba, kuma abin da suke mayar da mutane a kansa ƙanana ne. Batir da ba a ɗaure ba. Boris mai wasa. Birki mai nutsewa. Yoyon mai. Shimfiɗar ƙasa ta wajen direba a cire ta, kada ta shige ƙarƙashin feda. Robar ruwa da cajar waya da duk tarkacen but a sauke. Ni nakan ƙara da cewa a cika baƙin mai har layin sama, a canja man birki in ya haura shekara biyu don yana tsotsar danshi, kuma a ɗaure notin taya da sifana mai awo, a sake bi bayan zagayen farko. Hular kwano sai mai shaidar inganci irin ta Snell, wanda bai da ita yawancin ƙungiyoyi suna ba da aro.

Da yaron nan ya fita Lahadinsa ta farko, da motarsa yadda take sai alaimen da iska, na roƙi wani dattijon Bature da ya daɗe a harkar ya ja ta zagaye ɗaya, shi yana gefe. Mota ɗaya, taya ɗaya, rana ɗaya, dattijon ya riga shi da sakanni masu yawa, bai taɓa roba ko ɗaya ba. Yaron ya fito yana cire hula ya ce, "Kawu, ashe motar tana gudu." Ya ga mutumin ba robar da ke gabansa yake kallo ba, ta biyu ko ta uku a gaba yake hange, birki kuma yana gama taka shi kafin ya karya sitiyari. Yanzu da sassafe yaron yake zuwa ya taka hanyar da ƙafa sau uku kafin a tayar da inji, ya kuma yi nasa zagayen na tsintar roba kamar kowa, don a wannan wasa duk direba ma'aikaci ne. Bututun iskar da salansar ya mayar an ba shi kuɗinsa, ya haɗa ya sayi taya. Sifirin ne ba su karɓa ba saboda ya yaga kwalin. Suna nan a saman kantar garejina, ƙura ta rufe su.