Binciken Ciwon Inji Kafin A Kwance Shi

Duk ranar Talata, ranar kasuwa, mukan ga motoci daga Bakura da Maradun suna shigowa Talata Mafara da kaya niƙi-niƙi. Ba a rasa ɗaya da ta tsaya a bakin hanya, direba ya buɗe bonet yana zuba wa inji ruwa. Darasinmu a nan shi ne yadda bakanike nagari yake gano ciwon inji kafin ya ɗauki sifana.

Za mu yi misali da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A wannan shekara ce Ove Andersson ya ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci da 504 mai silinda 6. Injin tsere da injin motar haya duk ƙa'idarsu ɗaya ce. Sai dai mai ƙarfin ya fi yin zafi, ƙaramin kuskure kuma yakan jawo masa babbar ɓarna.

Kowane injin fetur yana bukatar abu 4: mai, iska, wuta, da matsi. Fistin yakan sauka ya zuƙo mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su kama su tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. In an auna da nauyi, kashi 1 na mai yana bukatar kusan kashi 15 na iska. Saboda haka idan inji ya ƙi tashi ko ya rasa ƙarfi, tambayarmu ta fari ita ce: wanne ne cikin huɗun nan ya kasa?

Da farko mu saurari direba. Yaushe abin ya soma? Da sanyin safiya ne, ko sai an yi tafiya mai nisa?

Na biyu, mu dubi hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta kasa. A lokacin hunturu, sau da yawa ƙura ce kawai ta toshe matatar iska. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, watakila ringin fistin ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai daina ba bayan inji ya ɗumama yana nuna ruwa yana shiga silinda, galibi domin gaskit ya ƙone.

Na uku, mu kwance fulogi mu jera su bisa ga silindarsu. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Idan ɗaya kaɗai ya yi baƙi ko ya jiƙe da mai, mun san silindar da za mu bincika. Daga nan sai a auna matsin kowace silinda da ma'auni. Wadda ta kasa 'yan'uwanta sosai, ciwonta yana wajen bawul, ringi, ko gaskit.

A watannin Maris da Afrilu, zafi ne babban abokin gaban inji. Mu duba fanbel, da ruwan lagireto, da ko akwai yoyo. Kada mu kuskura mu buɗe murfin lagireto sa'ad da inji yake da zafi. Ruwan ciki yana a matse, zafinsa yana iya wuce digiri 100, yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Direban da ya ci gaba da tafiya bayan allurar zafi ta hau kuwa, yana iya lanƙwasa kan inji, gyaran fanbel ya koma gyaran inji ɗungum.

Motocin yanzu suna da kwamfuta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da wurin jona na'urar bincike, irinsu kuwa sun cika hanyoyinmu. Na'urar tana nuna sashen da ake samun matsala, amma bakanike ne zai tabbatar ko waya ce ta tsinke ko kayan ne suka lalace.

Ɗalibai, wasunku za su koyi wannan sana'a. Mai mota ba ya ganin cikin injinsa, amana ya ba ku. Wanda ya sa shi sayen kafireta alhali matatar iska ce ta toshe, ya cinye masa kuɗin abincin iyali. Ubangiji ya ba mu haƙurin bincike da gaskiya cikin aikin hannuwanmu.